Tasawa: Garin da Hanya ta Raya

Ya kai mai karatu, in ka taɓa shiga mota daga Maraɗi zuwa Damagaram, to, ka ratsa Tasawa. Wataƙila direba ya tsaya, kun yi salla, kun sayi kilishi, kuka wuce. Matafiya da yawa iyakar saninsu da garin ke nan. Amma Tasawa ta girmi kwaltar da ta ratsa ta nesa ba kusa ba. Tun ana tafiya da raƙuma da jakuna take zango.

Wannan bayani zai nuna maka inda garin yake, da tarihinsa, da abin da mutanensa ke ci da shi, da wuraren da ya kamata baƙo ya gani. Akwai abu guda da za ka riƙe tun daga farko: hanya tana kawowa, tana kuma ɗaukewa. Abin da ke zama a gari shi ne abin da mutanensa suka san darajarsa, suka tsare shi.

Ina Tasawa take?

Tasawa tana cikin jahar Maraɗi, a kudancin Jamhuriyar Nijar. Tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga yamma, ta bi ta Yamai, da Doso, da Dogon Dutsi, da Birnin Ƙonni, da Madawa, ta zo ƙasar Maraɗi, ta zarce Damagaram da Difa. Daga Maraɗi zuwa Tasawa kimanin kilomita 120 ne, kuma za ka bi ta Cadawa, da Agye, da Gazawa. Daga Tasawa zuwa Damagaram ma kusan haka ne. Wato garin yana tsakiyar manyan birane biyu. Wannan ne ya sa mota ke son tsayawa a nan.

Bisa ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, mutanen cikin garin sun haura dubu 40, na gundumar Tasawa baki ɗaya kuwa sun haura rabin miliyan. Yau sun fi haka, domin jama'a na ƙaruwa da sauri. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai: Tasawa, da Maijirgi, da Urafan, da Kona, da Korgom, da Baudeta, da Hawan Dawaki. A arewa maso yamma akwai gundumar Mayahi, wadda ita ma mutanenta sun haura rabin miliyan a waccan ƙidaya. Kasuwanni da auratayya sun haɗa gundumomin biyu. Ta kudu kuma iyakar Najeriya ba ta da nisa.

Mafi yawan mazauna Hausawa ne manoma, tare da Fulani da Buzaye makiyaya, da Barebari. Ƙasar jigawa ce mai rairayi. Damina gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ake samu a shekara kimanin milimita 400 zuwa 500 ne. Wata shekara ya fi haka, wata ya kasa.

Zangon fatake

Kafin zuwan mota, babbar hanyar ciniki ba daga yamma zuwa gabas ta miƙe ba kamar kwaltar yau. Daga arewa take gangarowa kudu. Ayarin Abzinawa kan ɗauko gishirin Bilma da dabino, su ratso Damargu, su nufi Katsina da Kano. In za su koma sai su yi lodin hatsi, da tufafi, da kayan fata. Tasawa na ɗaya daga cikin wuraren da ayari ke sauke kaya, a huta, a yi ciniki. A wancan zamani har bayi ana saye da sayarwa a kan wannan hanya, kuma wannan ɓangare ne na tarihi da bai kamata a ɓoye ba.

A watan Janairu na shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya iso Tasawa daga arewa. Ita ce babban garin Hausa na farko da ya gani, kuma ya rubuta cewa garin ya ba shi sha'awa. Ya ga kasuwa, ya ga marina, ya ga gidaje da inuwar itatuwa. Ya kuma ga yadda ƴan kasuwa ke ƙirga kuɗin wuri da hannu, har dubu 500. Daga nan ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Wannan shaida ce cewa shekaru fiye da 170 da suka wuce Tasawa gari ce mai ciniki da sana'a.

Tasawa da sarautar Katsina

Tsofaffin mazauna wannan yanki ana kiransu Tazarawa, kuma ƙasar tana cikin tsohuwar daular Katsina. A shekarar 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa. Bayan zama a ƙasar Damagaram, Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar sarauta a Maraɗi wajen shekarar 1819, ya ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Tasawa ta kasance cikin wannan sabuwar ƙasa.

Zaman tsakiya yana da daɗi ga ɗan kasuwa, amma yana da wuya a lokacin yaƙi. Tasawa tana tsakanin Maraɗi, da Damagaram, da Katsina ta Fulani, kowa kuma yana son ya riƙe hanyar ayari. Shi ya sa garin ya sha fama da hare-hare a ƙarni na 19. A ƙarshen ƙarnin, rikicin sarauta a Maraɗi ya sa Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa da zama. Wannan ne dalilin da ya sa gidan sarautar Tasawa ke da dangantaka ta jini da na Maraɗi da tsohuwar Katsina.

Shekarar 1899

A shekarar 1899 hanya ta kawo bala'i. Faransa ta turo rundunar soja daga yamma, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, domin su kai tafkin Cadi. Duk inda suka bi sai ƙone garuruwa, da kwashe hatsi da dabbobi, da kashe mutane. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, sun yi kisa mai yawa a Birnin Ƙonni. Da suka iso wannan yanki suka kashe mata da yara a Koran Kalgo.

Labarin ɓarnar ya kai Faransa, aka turo wani babban hafsa mai suna Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a daɗe ba sojojinsu suka juya musu baya. Aka kashe Chanoine ranar 16 ga wata, aka kashe Voulet ranar 17, a Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce gabas, ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Kaburburan hafsoshin biyu suna Maijirgi. An ruwaito cewa a shekarar 1923 wani Bature mai mulki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an buɗe su, ba a tarar da kome a ciki ba. A shekarar 2020 an fito da wani fim mai suna African Apocalypse, wanda ya bi sawun rundunar, ya kuma ji ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa. Abin lura shi ne, kwaltar yau ta bi kusan sawun da rundunar ta bi. Sunayen hafsoshin suna cikin littattafai, amma sunayen mafi yawan waɗanda suka kashe suna bakin tsofaffi kaɗai. Wanda ya iya rubutu zai iya zama da tsohon gidansu, ya rubuta abin da ya ji daga kakanninsa, kafin ya ɓace.

Zamanin Turawa da cinikin gyaɗa

Bayan haka Faransa da Ingila suka shata iyaka, da yarjejeniyar 1904 da ta 1906. Tasawa da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Daura da Kano suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, aka raba su ƙasa biyu. Da farko a Tasawa kwamandan yankin yake zaune, amma a shekarar 1927 aka mai da mazaunin mulki Maraɗi. Tun daga nan Maraɗi ta yi ta girma, Tasawa ta koma gari na biyu.

Turawa sun ɗora haraji da aikin tilas, suka kuma matsa a noma gyaɗa, wadda a nan ake ce wa gujiya. Manomi na bukatar kuɗin biyan haraji, gyaɗa ce kuma ke kawo kuɗi. Da kaka sai a buɗe cinikinta, a auna, a loda. Da farko ta Kano ake fitar da ita, inda jirgin ƙasa ke kai ta bakin teku. Daga shekarar 1953 aka fara bi da ita ta Dahome, wato Benin ta yau. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974, cuta kuma ta faɗa wa gyaɗa a 1975. Cinikin ya karye, bai sake komawa yadda yake ba. A nan akwai darasi. Shekara da shekaru ana fitar da gyaɗa ɗanya, ana tatsar manta a wata ƙasa, babbar riba kuma tana can. Da abin ya faɗi, kaɗan ya rage a hannun manomi. Garin da ya dogara ga amfani guda, da mai saye guda, yana cikin haɗari.

Me Tasawa ke ci da shi yau?

Noma. Hatsi da dawa su ne abinci. Wake ya maye gurbin gyaɗa wajen kawo kuɗi, kuma mafi yawansa Najeriya yake tafiya. Ana kuma noma riɗi, da aya, da yakuwa, da gyaɗa wadda mata ke tatsa su fitar da mai da ƙuliƙuli. Matsalar ita ce gonaki na ƙanƙancewa saboda rabon gado, ƙasa kuma ta gaji don ba a barinta ta huta.

Jar akuya. Akuyar da duniya ta sani da sunan jar akuyar Maraɗi, a ƙasar Tasawa aka fi samun tsantsarta. Tana yawan haifar tagwaye, tana ba da nono, fatarta kuma tana da laushi da ƙarfi, ana yin takalma da safar hannu da bangon littafi da ita. A da, fatake kan ƙetare hamada da irin wannan fata, Turawa su saye ta a arewacin Afirka, suna ce mata fatar Maroko. A gidaje da yawa akuya dukiyar mace ce, ita ce asusunta ranar rashin lafiya ko biki.

Kilishi. Mahautan Tasawa sun yi suna a wannan sana'a. Ana yanka nama fale-fale, a shanya a rana, a shafa masa haɗin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a gasa. A shekarar 2023 kilishin Nijar ya samu takardar shaidar asali daga ƙungiyar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka. Dubi bambancin: sa in an kora shi kudu a raye, dillali da mai mota ne ke cin riba. In an mai da shi kilishi a gida, mahauci ya samu, mai ƙuliƙuli ta samu, mai yaji ya samu, mai itace ya samu.

Kaba. Gulbin Kaba wani kwari ne da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi. Ba ya gudu kamar kogi, amma ruwa na kusa a ƙarƙashinsa, shi ya sa goruba ta yawaita. Da ganyen kaba mata ke saƙa tabarma, da faifai, da malafa, ana kuma tufka igiya. Ƴaƴan goruba ma ana sayarwa. Gidaje masu yawa da wannan suke cin rani.

Kasuwa da tasha. Ranar kasuwar mako mutanen ƙauyuka kan shigo da amalanke da babura, da hatsi ana aunawa da tiya, da dabbobi a kara. A bakin kwalta kuma akwai masu shayi, da masu abinci, da masu faci, da makanikai, da ƴan kamasho. Dukkansu da tsayuwar mota suke ci.

Ci-rani. Bayan girbi samari da yawa kan tafi Najeriya, ko Agadas, ko Libiya da Aljeriya neman kuɗi. Abin da suke aikowa yana ciyar da gidaje. Amma hanyar hamada ta ci rayuka, wasu kuma kan dawo hannu wofi bayan shuka ta wuce.

Iyaka da farashi

Cinikin Tasawa yana ɗaure da na Najeriya. In darajar naira ta faɗi a kan sefa, ɗan kasuwar Najeriya ba ya iya sayen wake da dabba da tsada, sai farashi ya karye a nan. In an rufe iyaka abin ya fi muni. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin fari, har mutane suka sa wa yunwar 1984 suna El Buhari. An sake rufe ta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris 2024. A shekarar 2005 kuwa, bayan fari da fara na 2004, hatsi ya yi tsada ƙwarai, yara da yawa suka kamu da tamowa a jahar Maraɗi.

Manomi ba shi da iko a kan iyaka ko darajar kuɗi. Amma yana da iko a kan rumbunsa, da gonarsa, da lokacin da zai sayar.

Abubuwan da baƙo zai gani

Gani ya kori ji. In ka samu zarafi, kada ka tsaya bakin tasha kaɗai.

• Fadar sarki, musamman ranar salla, lokacin da mahaya ke fitowa da dawakai cikin ado, da makaɗa da masu algaita.
• Kasuwa, da karar dabbobi, da rumfunan masu tabarma da dukawa.
• Wurin masu kilishi, inda za ka ga aikin tun daga yanka har gashi.
• Maijirgi, tafiya kaɗan gabas da Tasawa a kan kwalta, inda kaburburan 1899 suke.
• Gulbin Kaba ta wajen Mayahi, da dajin gorubarsa.
• Kokowa da kaka, lokacin da ƙauyuka ke karawa bayan an kai amfani gida.

Baƙo ya fara gai da mai gari ko mai unguwa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, ya kuma tambayi labarin hanya kafin ya shiga ƙauyukan bakin iyaka.

Yadda riba za ta zauna a gida

1. Kada ka sayar da amfaninka duka da kaka. Lokacin nan kowa na sayarwa, farashi yana ƙasa. Fara ware abincin gida na shekara da iri, sannan ka duba saura.

2. Adana wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda aka fara yaɗawa a 2007. Ba ya bukatar magani, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Wake ya bushe sosai, leda ta zama ba ta da huda, a ɗaure kowace daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera.

3. Ku haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai tsarin da manoma ke tara amfaninsu a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya, ɗaya na asusun da ya ba da rance. Sukan karɓi rance su yi sana'ar rani, in farashi ya tashi su biya, su sayar. Amma ka sani ba kowace shekara farashi ke tashi ba. A yi lissafin kuɗin ajiya da na rance tun kafin a shiga. Mata kuma suna da misali a asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991, ya bazu har ƙasashe da yawa.

4. Yi sassaben zamani. In kana sharar gona, kada ka tumɓuke kututturen da ke toho. Zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare saura. Wannan dabara ta fara yaɗuwa a jahar Maraɗi a shekarun 1980, kuma masana sun ƙiyasta ta mai da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakin Nijar. Gawo ya fi kowane amfani: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne.

5. In kana yankan kaba, kada ka cire zuciyarta. Bar wasu su tashi su zama goruba, domin kabar jikokinka daga ƴaƴansu za ta fito.

6. Kula da jar akuya. Yi mata allurar rigakafi, zaɓi jan bunsuru na kirki don barbara. Kada a yi mata lalas a gadon baya. In an yanka, a feɗe a hankali, a shanya fata a inuwa. Fata mai huda ko tabo ba ta kuɗi.

7. Tsabta jari ce ga mai sayar da abinci. A rufe kilishi daga ƙuda da ƙura. Kada a zuba shara a tafkunan cikin gari da magudanan ruwa, domin da damina su ne ke kawo ambaliya da sauro. Matafiyin da ya ci ya ji daɗi zai dawo, ya kuma gaya wa wani.

8. Kwalta ba wurin wasa ba ce. Yaran da ke bin mota da tiren talla suna cikin haɗari, kuma lokacin makarantarsu ne ke tafiya. In talla ta zama dole, a yi ta bayan an tashi daga makaranta, nesa da tsakiyar titi.

9. Rubuta cinikinka. Sami ɗan littafi, ka sa abin da ka saya, da abin da ka sayar, da bashin da ake binka, da wanda kake bi. Wanda ya iya karanta sikeli da takarda, da wuya a cuce shi a awo.

Tambayoyi don tattaunawa

• Wane amfani ne ke fita daga garinku ɗanye, wanda za ku iya sarrafawa a gida kafin ku sayar?
• Nawa tiyar hatsi take da kakar bara, nawa kuma ta kai da bazara? Wa ya ci bambancin?
• Wane tsoho ne a unguwarku ya san tarihin kafuwar gari? Wa zai zauna da shi ya rubuta?

Ayarin raƙuma ya wuce, rundunar Turawa ta wuce, motocin gyaɗa sun wuce, Tasawa tana nan. Gobe ma hanya za ta zo da wani sabon abu. Garin da ke da hatsi a rumbu, da itace a gona, da sana'a a hannu, da yara a makaranta, shi ne zai tarbi abin da ya zo ba tare da tsoro ba.